Koren layin osiloskof ɗina ya yi kauri, tib ɗin ne ya mutu?

Ɗan-atiliyen Wadata:
Assalamu alaikum manya. Na samo wani tsohon osiloskof, na'urar da ke zana yadda wutar lantarki ke hawa da sauka a kan gilashi, ƙirar Hameg HM203, a kasuwar Katako cikin tarkacen tele da rediyo. Yana kamawa, koren layin yana fitowa, amma ya yi kauri ya baje. Na murɗa maɓallin FOCUS har ƙarshe, bai sirance ba. Akwai wani baƙin tabo a tsakiyar gilashin, kuma tun da damina ta kankama nake jin "tsss" daga ciki. Maigidana ya ce tib ɗin, wato kwalbar gilashin da ke nuna layin, ya gaji, in cire transfo, mai sauya ƙarfin wuta, in zubar da sauran. Haka ne?

Tsohon mai gyara:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka taɓa transfon nan. Maigidanka da tele ya saba, ita da take kunne tun safe har dare, shi ya sa tib ɗinta ke gajiya. Osiloskof kuwa rabin rayuwarsa a kan kanta yake yi a rufe.

Bi wayar maɓallin FOCUS, za ka tarar da jerin rezistans, ƴan kayan da ke rage gudun wuta, masu megom-megom, wato masu babbar ƙima. Su ke raba wutar tib, wajen volt 2000 a wannan na'urar. In sun tsufa ƙimarsu takan hau, sai wutar da ke matse layin ta kauce, ka yi ta murɗa a banza. Cire shi daga kuran, ka sauke wutar kondansatar, masu ajiye wuta ko an kashe na'ura, ka ɗaga ƙafa ɗaya ta kowace rezistans ka auna. Kada ka kuskura ka ɗora miltimetir ɗinka a can yana kunne, yawancinsu ba su wuce volt 1000 ba.

Ƙarar nan kuma ƙurar hunturu ce ta sha laima, wuta ke bi ta kanta. Buroshi da alkol, ka bari ya bushe sarai.

Tabon ne dai babu magani, fosfor, shafen cikin gilashin da ke ba da koren hasken, ya ƙone. Wani ya bar ɗigon a tsaye da haske mai yawa. Mu da muka koya a kan osiloskof ƙirar Metrix, laifin da malaminmu ba ya yafewa ke nan. Yana shigowa sai ya bi tebur-tebur yana rage haske, ya sa a rufe tagogi saboda ranar Yamai ta fi ƙarfin koren. Daga baya na yi aiki da Tektronix 465, wanda ya fito a 1972. Nasa tib ɗin sama da volt 18,000 yake ci, layinsa siriri kamar zaren ɗinki. A wurinsa na koyi aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu.

Mai gyaran waya:
Baba, da girmanka, amma wahalar me? Ƴan ƙananan osiloskof na Sin masu batir suna nan, suna rubuta maka lamba, suna riƙe hoton ko ka ɗauke sandar awo.

Tsohon mai gyara:
Suna riƙewa kam, ina da ɗaya a jaka. Amma sa masa sautin amfuli, na'urar ƙara sauti, ka riƙa ƙara murya a hankali. A tib za ka ga kan zanen sautin ya fara yankewa nan take, inda wuta ta daɗe ya fi haske, inda ta gifta da sauri ya dushe. Ƙaramin naka sai ya yi ta tsalle. Kai mai waya ne, naka ya ishe ka.

Ɗan-atiliyen Wadata:
Baba, na auna. Ɗaya ta yanke gaba ɗaya. In sa irin ƙananan da muke da su?

Tsohon mai gyara:
Ɗaya tak ba za ta jure wutar ba. Jera uku ko huɗu a bin juna, jimillarsu ta kai ƙimar tsohuwar, kuma ka nisanta su da jikin ƙarfen.