Yaya Don Williams ya taso har ya yi suna?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Iyayenmu da suka daɗe a Legas, ina neman ƙarin haske game da mawaƙin kantiri (salon waƙar karkarar Amurka) Don Williams, wanda har gobe ana jin muryarsa a shagunan teloli da motocin haya. Tun yana matashi ya shahara, ko kuwa sai da tafiya ta yi nisa?

Baba na Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗana. An haife shi a 1939 a garin Floydada na jihar Texas, amma a Portland, kusa da Corpus Christi, ya girma, kuma mahaifiyarsa ce ta koya masa kaɗa jita. Bayan ya yi aikin soja, a 1964 shi da Lofton Kline da Susan Taylor suka kafa ƙungiyar Pozo-Seco Singers, wadda ta ɗan samu karɓuwa kafin ta watse. Daga nan ya ajiye waƙa, ya koma sayar da kujeru da gadaje a shagon surukinsa, alhali ya kai shekara 30 kuma yana da iyali.

Hajiya daga Obalende:
Baba ya kawo tushen labarin, ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya dawo. Da ya je Nashville, cibiyar waƙar kantiri, marubucin waƙa aka ɗauke shi a kamfanin mai shirya waƙoƙi Jack Clement, wato ya tsara, wasu su rera. Daga baya Clement ya ga cewa wannan murya mai kauri da natsuwa ita ta fi dacewa da waƙoƙin, sai ya ba shi dama a kamfaninsa na JMI, faifansa na farko ya fito a 1973. A 1974, yana da shekara 35, waƙarsa ta fara hawa matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka, kuma sau 17 ya kai wannan matsayi a rayuwarsa.

Malamin Alaba Rago:
Hajiya, a ganina jinkirin nan ne ya gyara shi, domin ya shigo fagen ne da hankalin magidanci, ba ya ihu, kuma kalmominsa suna fita ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ko mai ƙaramin Turanci zai bi shi. Shi ya sa kaset ɗinsa suka ratsa gidajenmu. A 1978 aka zaɓe shi gwarzon mawaƙan kantiri maza na shekara, kuma a 1997 ya zo Afirka da kansa, ya yi wasa a Harare.