Neman kalmar Hausa: me za mu kira nau'o'in renda guda biyu?

Mai shirya darasi: Assalamu alaikum, malamaina. Ina rubuta darasi ga masu koyon haɗa katun da kwamfuta, kuma ranar Alhamis zan miƙa shi. Na cije a kan aikin da masu tace fim ke kira renda, wato lissafin haske da inuwa da launi da kwamfuta ke yi har siffar da aka gina ta zama hoton da ido zai gani. Nau'i biyu ne: na wasannin bidiyo, inda dole a fitar da hotuna 30 ko 60 a kowane sakan, da na manyan fina-finai, inda hoto ɗaya kan ci mintoci ko sa'o'i. Na rubuta "na kai tsaye" da "na ba intanet", wato fassarar real-time da offline na Turanci, amma raina bai kwanta da su ba.

Mai tace fim: Wa alaikumus salam. Malama, ki goge "ba intanet" tun kafin ɗalibai su haddace shi, domin intanet ba ta cikin maganar ko kaɗan. Bambancin na lokaci ne. Fim na minti 90 a kan hotuna 24 a sakan yana da hotuna 129,600, kuma idan kowanne ya ci sa'a ɗaya, kwamfuta guda za ta shafe kusan shekara 15 tana aiki. Shi ya sa ake raba aikin ga ɗaruruwan kwamfutoci a bar su su kwana a kai. Ni zan ce "renda ta nan take" da "renda ta tsanaki".

Ma'aikaciyar rediyo: Na goyi bayan "nan take". "Kai tsaye" ta riga ta zama ta shirin da ake watsawa a lokacin da ake yin sa, kuma mai sauraro can hankalinsa zai tafi.

Tsohon mai fassara: Kuna ta gyaran rassa kun bar saiwa. Me ya kawo "renda" cikin darasin Hausa? Yaro zai karanta ya ɗauka randar ruwa ake nufi. Na daɗe ina cewa "ƙyanƙyasar hoto", domin siffar tana kwance kamar ƙwai, kwamfuta ta kwanta a kanta har hoton ya fito.

Mai tace fim: Allah ya gafarta malam, kwatancin ya yi kyau ga RenderMan, manhajar da kamfanin Pixar ya yi fim ɗin katun na Toy Story da ita a 1995, amma kazar da ke ƙyanƙyasa sau 60 a sakan ba a haife ta ba tukuna.

Tsohon mai fassara: Da irin wannan ba'ar aka kashe mana "na'ura mai ƙwaƙwalwa", kowa ya koma kwamfuta, don ana ganin kalmar Bature ta fi nuna wayewa.

Malamin nahawu: Ranka ya daɗe, ita kanta "na'ura" aro ce daga Larabci, sai dai ta daɗe da zama 'yar gida. Idan ana son kalmar da Bahaushe ya riga ya sani, akwai "wankin hoto", wanda shi ma jira ne har hoto ya bayyana.

Tsohon mai fassara: Aron da ya shekara ɗaruruwa ba ɗaya ba ne da wanda aka tsinta jiya a jikin allon manhaja.

Mai shirya darasi: Ina roƙon mu koma kan na biyun. "Tsanaki" ba za ta sa ɗalibi ya zaci na nan take aikin gaggawa ne marar inganci ba? Darasin nawa yana koyar da zaɓi ne: wanda zai riƙa sauya haske yana son ganin sakamako a take, ko yake gina abin da mai kallo zai sarrafa da hannunsa, ya ɗauki na farko, wanda ke son gilashi da gashi da hayaƙi su fito kamar na gaske ya haƙura da jira. A manhajar haɗa katun ta Blender ma duka biyun suna nan, Eevee na farko, Cycles na biyu.

Mai tace fim: Fargabarki tana da tushe, musamman da yake tazarar tana raguwa. Tun 2018 katunan RTX na kamfanin Nvidia, wato sassan kwamfuta masu lissafin hoto, ke bin sawun haske a take, kuma shirin The Mandalorian na 2019 ya ɗauki 'yan wasa a gaban bangon allo da manhajar wasannin bidiyo ta Unreal Engine ke zana masa yanayin wurin yayin da kyamara ke motsi. To ki ce "ta jira", wadda ba ta yabi kowa ba, ba ta kushe kowa ba.

Malamin nahawu: "Ta jira" ta fi gaskiya, ko da yake "ta tsanaki" ta fi daɗi a kunne.

Mai shirya darasi: Na gode ƙwarai. Zan rubuta "renda ta nan take" da "renda ta jira", kuma a farkon ambato zan bayyana ta da cewa fitar da hoto ce ta hanyar lissafi.

Tsohon mai fassara: "Nan take" na karɓa, "jira" ma ba zan ja ba. Amma "renda" ba da yawuna ba, kuma a nawa rubutun ƙyanƙyasa zan ci gaba da sawa.