Yaya masu duba nama suke gane marar kyau a kasuwannin sari na da?

Ɗan Kwata: Assalamu alaikum. Kasuwar Smithfield ta Landan, wadda aka buɗe a 1868, ba a yanka a cikinta. A wancan zamani jirgin ƙasa ke kawo naman a feɗe. To da me duba-garinsu ke gane na dabba marar lafiya, alhali babu ɗakin gwaji?

Malam Na-Dabbobi: Wa alaikumus salam. Ido ne da hanci da wuƙa, ɗan'uwa. Naman da ya yi duhu, jini ya kwanta a jijiyoyinsa, na dabbar da aka yanka tana gargara ne, ko ma mushe. In aka danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, yana naso, an san ta daɗe tana ciwo. Kitse ya yi rawaya har cikin gaɓoɓi kuwa, shawara ce. Sukan soka tsinke kusa da ƙashin cinya su shinshina, don daga nan ruɓa ke farawa in nama bai huce da wuri ba.

Amma matsalar tana nan: yawancin cututtuka a kayan ciki suke bayyana, su kuwa an baro su can inda aka yi yankan.

Hajiya Likita: Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce magana, Malam. Tarin fuka na barin ƙuraje a tantanin da ke shimfiɗe cikin haƙarƙari, sai mahauci mai wayo ya ɗaye tantanin kafin ya loda. Shi ya sa haƙarƙarin da aka ɗaye kansa abin zargi ne. Daga nan sai a tsaga kaluluwar da ta rage a jikin naman. In cikinta ya yi kamar cuku, ko wuƙa ta ji tsakuwa-tsakuwa, a kama.

Baban Sadiya: Jamusawa sun fi su dabara, gaskiya. Balin, babban birninsu, ta buɗe babbar mayankarta a 1881, dokar ƙasa ta 1900 kuma ta wajabta duba dabba tana raye da bayan yanka, kai da huhu da hanta na tare da gangar jiki. Ana tsaga naman kumatu da zuciya a nemi ƙwayoyin tsutsar ciki, a yanka hanta ta hanyoyin matsarmama. A wancan zamani naman da aibinsa kaɗan ne ba a zubarwa: a dafa shi sosai, a sayar da araha a rumfa ta musamman mai suna Freibank, mai saye ya san abin da ya saya.