Idan jihar Katsina ta yi dokar wutarta, za ta iya taɓa layin da ke kawo mana kuran?

Ɗan Gobir: Salamu alaikum. Ana cewa tun 2023 jihohin Najeriya suka samu ikon yin dokar wutar lantarki. To, layin kilobolt 132 da ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa ya ciyar da Maradi da Damagaram a nan Nijar, majalisar Katsina za ta iya sa masa kuɗi ko ta hana shi wucewa? Malamai a taimaka.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Ba za ta iya ba, ɗan'uwa. A kundin tsarin mulkin 1999, wuta tana cikin jerin abubuwan da tarayya da jiha ke tarayya a kai, sakin layi na 13 da na 14. Da can jiha ba ta da iko sai a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. Gyaran da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ya cire wannan sharaɗin, sai Dokar Lantarki ta Yunin 2023 ta maye gurbin ta 2005. Amma ikon jiha iyakarsa cikin jihar. Kai wuta daga jiha zuwa jiha, da duk yarjejeniya da wata ƙasa, na majalisar tarayya ne. Idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, sashe na 4(5) ya ce ta tarayya ce ke rinjaye, ta jihar kuma ta mutu daidai gwargwadon saɓanin, ba gaba ɗayanta ba. Shi ya sa yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023 daga Abuja ya zo.

Mai Bin Shari'a: Malam Bakatsine ya yi daidai, sai dai a ƙara cewa ikon ba ya faɗowa jiha haka kawai. Sai ta yi dokarta, ta kafa hukumar da za ta kula da kasuwar, ta sanar da NERC, hukumar tarayya mai sa ido kan harkar lantarki, a rubuce. NERC na da kwana 45 ta fitar da tsarin miƙa ragama, a kammala cikin wata shida, kamfanin rarraba wuta kuma ya buɗe reshe na musamman don jihar. Ga Katsina, kamfanin shi ne KEDCO, mai riƙe da Kano da Jigawa ma.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ikon da majalisa ke ara wa hukuma. Majalisa ba ta rubuta farashin kowane kilowat. Tana ba hukuma izinin yin ƙa'idoji. Alƙali zai duba abu biyu. Ƙa'idar tana cikin da'irar da uwar dokar ta shata? An bi matakan da ta gindaya, wato sanarwa da jin ta bakin jama'a? A 2016 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke ƙarin kuɗin wuta kan rashin bin matakai. Majalisar jiha kuma ba za ta ara wa hukumarta abin da ita kanta ba ta mallaka ba. Wannan ce rigimar Enugu a 2025: hukumar jihar ta rage farashin rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, daga naira 209 zuwa 160 kan kowane kilowat, NERC ta ce wutar daga babban layin ƙasa take, jiha ba ta da hurumin karya farashin da aka sayo ta.

Ɗan Gobir: Madalla. Mu ma a Maradi ai jiha ake ce mana, me zai hana mu yin tamu dokar?

Bakatsine: Sunan ne ɗaya, Alhaji. Nijar ba tarayya ba ce, jihar Maradi ba ta da majalisar yin doka. Dokar lantarki guda ce ga ƙasa duka, hukumar makamashi ta ARSE ke sa ido, kamfanin wuta na NIGELEC ke rarrabawa. Ƙorafin farashi ko na mita, can za a kai shi.