Ta wace hanya Biniam Girmay ya bi daga Asmara har ya sa koriyar rigar Tour de France?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar tseren keke na titi. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ne, haihuwar 2000, kuma a 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga. Matakalar da ya taka nake so in gane: wa ya fara ganinsa, wa ya ɗauke shi, yaushe keke ya fara ba shi albashi? Sannan ita kanta sana'ar, atisaye nawa take ci, kuɗi nawa ke cikinta, me ke kashe ta? Ga yara nan birjik a Kano da Zariya da Maraɗi masu ƙarfin ƙafa, shi ya sa nake son sanin ko hanyar tana biyuwa daga nan.

Malam Bala Mai Keke:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da garin, don rabin amsar tana can. Asmara tana kan tudu, sama da mita 2,300 daga teku, saboda haka yaron da ya tashi a can jininsa ya saba ɗaukar aiki cikin ƙarancin iska. Turawan Italiya ne suka kai musu keken tsere tun zamanin mulkin mallaka, har an yi zagayen Eritiriya na farko a 1946. Yau keke shi ne wasan ƙasar, ana rufe titi a yi tsere mutane su cika gefen hanya. Yaro ɗan shekara 13 ko 14 yana samun tseren shiga a kai a kai, yana koyon zama cikin ayari tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Kuma akwai waɗanda suka share fage: Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus sun shiga Tour de France a 2015, har Teklehaimanot ya sa rigar sarkin hawa ta 'yan kwanaki.

Shekarar da ta buɗe wa Girmay ƙofa ita ce 2018. A gasar Afirka da aka yi a Ruwanda ya kwashe zinare uku a ajin matasa 'yan shekara 17 da 18: tseren titi, tseren agogo (inda ake tashi ɗai-ɗai a duba wanda ya fi ƙarancin lokaci) na mutum ɗaya, da na tawaga. Daga nan ya samu gurbi a cibiyar horaswa ta hukumar keke ta duniya, UCI, da ke Aigle a Suwizalan, wadda ke ɗaukar yara daga ƙasashen da ba su da hanyar shiga Turai, ta ba su masauki da keke da koci, ta riƙa kai su tsere. A wannan shekarar ya doke Remco Evenepoel a zangon farko na Aubel–Thimister–Stavelot a Beljiyam, lokacin da Evenepoel ke cinye kusan duk tseren matasan da ya shiga. Irin wannan sakamako ne masu farautar 'yan wasa ke rubutawa a littafinsu.

A farkon 2019 ya ci zango a La Tropicale Amissa Bongo a Gabon, André Greipel mai zango 11 a Tour de France yana cikin ayarin, sannan ya ƙara wani a Tour du Rwanda. Albashin ƙwararre ya fara ne a 2020, da ƙungiyar Delko ta Faransa ta ɗauke shi. A nan ya kamata ka san ajin ƙungiyoyi uku ne. Na sama su ne WorldTeam, guda 18, kowace ba ta wuce mutum 30, kuma su ke da gurbi a duk manyan tsere. Na tsakiya ProTeam, irin Delko, waɗanda galibi sai an gayyace su. Na ƙasa Continental, inda da yawa keke da kuɗin mota kawai suke samu.

Delko ta shiga matsalar kuɗi a 2021 ta kuma rushe a ƙarshen shekarar. Girmay ya bar ta tun tsakiyar kaka, ya koma Intermarché–Wanty–Gobert ta Beljiyam a watan Agusta, wato ajin sama. A Satumba ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Leuven, bayan Filippo Baroncini. Sai 27 ga Maris 2022, ranar Gent–Wevelgem a Beljiyam, tseren yini ɗaya mai kusan kilomita 250 da hawan dutsen Kemmelberg sau uku. Da farko ma ba ya cikin jerin waɗanda za su yi shi, zuwansa na biyar a wani tsere mai suna E3 ranar Juma'a ne ya sa aka saka shi ranar Lahadi. Su huɗu suka ɓalle, shi da Laporte da Van Gestel da Stuyven, ya fizga tun saura kimanin mita 250, ba wanda ya iya wuce shi. Shekara huɗu ke nan tsakanin zinaren Ruwanda da wannan rana.

Injiniya Rabi'u:

Malam Bala ya kawo tarihin daidai, amma ina da ɗan ja kan maganar tudu. Tudu yana taimakawa, shi ya sa ƙungiyoyi ke kai mutanensu duwatsun Teide ko Sierra Nevada a Sifaniya su yi mako biyu zuwa uku kafin babban tsere. Sai dai Girmay ba ɗan hawa ba ne. Ɗan gudun ƙarshe ne mai iya tsallake ƙananan tuddai, nauyinsa wajen kilo 70, kuma abin da ke ba irinsu nasara shi ne iya neman wuri cikin ayari. Mai bin bayan wani a fili yana rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska. Wanda bai iya manne wa tayar gabansa da tazarar taƙi ɗaya yana gudun kilomita 55 a awa ba, duk ƙarfinsa a iska zai ƙare kafin a zo inda ake rabuwa. A Beljiyam kuma idan iska ta bugo daga gefe, ayari yakan jeru a karkace har faɗin titi ya cika, wanda bai samu shiga sahun farko ba an bar shi ke nan, ko da ya fi kowa ƙarfi. A nan yawancin yaran da ake kai wa Turai ke faɗuwa a shekarar farko.

Game da atisaye, ƙwararre yana yin awa 20 zuwa 30 a mako a kan sirdi, wajen kilomita 30,000 a shekara, kwanakin tsere 60 zuwa 80. Mafi yawan awannin a hankali ake yinsu, gudun da mutum zai iya magana yana tuƙi, awa huɗu zuwa shida. Masu zafi kwana biyu ko uku ne a mako. Kuskuren da matasa ke yi shi ne kullum su fita su yi ta gasa da juna, ba a hankali ba, ba kuma da zafin gaske ba, bayan wata uku ci gaba ya tsaya cik. Ana auna ƙarfi da na'urar da ke jikin feda ko ƙarfen feda, tana ba da lissafi da wat. Manyan masu hawa suna riƙe wajen wat 6 a kowane kilo na jikinsu har rabin awa, ɗan gudun ƙarshe kuma yana haura wat 1,500 na 'yan daƙiƙoƙi, gudunsa ya kai kilomita 65 zuwa 70 a awa. Ba ƙungiyar da za ta sa hannu da yaro yau ba ta ga waɗannan alƙaluman ba.

Ci kuma a kan keke ake yinsa. A tsere mai zafi suna haɗiye giram 90 zuwa 120 na sukari da sitaci a kowace awa, da gorar ruwa ta rabin lita ɗaya ko biyu gwargwadon rana. Ciki sai an horar da shi kafin ya karɓi wannan, in ba haka ba zawo da amai. Wanda ya yi sakacin awa ɗaya bai ci ba, ƙafarsa za ta mutu lokaci guda, kuma ba ta farfaɗowa a ranar. Keken kansa dokar UCI ta hana ya gaza kilo 6.8, tayoyin yanzu faɗinsu milimita 28 zuwa 30 ne, marasa tub a ciki, da birkin faranti.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri. Wani abu ya ɗaure mini kai: Pogačar ne ya ci Tour ɗin 2024, to rigar Girmay ta mece ce?

Hajiya Mai Lissafi:

Ɗan Fagge, lissafi biyu ne daban. Rawayar riga, wadda Pogačar ya ci, ta wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta ce cikin zango 21. Koriya kuwa ta maki ce. A lissafin 2024, a zangon fili na ɗaya yana samun maki 50, na biyu 30, na uku 20, a haka har na goma sha biyar, sannan akwai wani layi a tsakiyar hanya da ke ba na farko maki 20. Zangon duwatsu makinsa kaɗan ne, don haka 'yan gudun ƙarshe ke neman wannan riga.

Girmay ya ci zango na 3 a Turin ranar 1 ga Yuli, na 8 a Colombey-les-Deux-Églises, na 12 a Villeneuve-sur-Lot. Abokin takararsa Jasper Philipsen ma zango uku ya ci. Abin da ya raba su shi ne Girmay ya yi ta tsintar maki a ranakun da bai ci ba, da kuma layukan tsakiyar hanya, ya gama da 387, Philipsen 354. A zango na 16 a Nîmes ya faɗi saura ƙasa da kilomita biyu, Philipsen ya ci ranar ya kwashe 50, tazarar ta dawo 32. Dokar kilomitocin ƙarshe tana mayar wa wanda ya faɗi lokacin ayarin da yake ciki, amma ba ta mayar masa da maki.

Kuma rigar ba ta zama taka sai ka kai ƙarshe. Kowane zango yana da wa'adi, wani kaso ne a kan lokacin wanda ya zo na ɗaya, duk wanda ya wuce shi an sallame shi. Shi ya sa a duwatsun Alps da Pyrenees za ka ga masu nauyi sun haɗu a baya suna tafiya tare suna lissafin mintoci. Girmay da guiwa a ƙuje ya ratsa duwatsun makon ƙarshe har Nice, inda aka rufe gasar a shekarar saboda wasannin Olamfik na Paris.

Alhaji Sule Tudun Wada:

Bari in taɓo kuɗi da ɓarna, tunda su aka bari. Mafi ƙanƙantar albashi a ajin sama ya ɗan haura Yuro 40,000 a shekara, sabon shiga ƙasa da haka, manyan taurari kuma miliyoyi. Kyautar tsere ba ta kai yadda ake zato ba: zango ɗaya a Tour de France Yuro 11,000 ne, koriyar riga 25,000, kuma al'ada ita ce a zuba su asusu ɗaya a raba da abokan tawaga da makanikai da masu tausa. Haka ya dace, domin cikin mutum takwas da ƙungiya ke kawowa, ɗaya ko biyu ake yi wa aiki. Sauran su tare iska, su koma mota su ɗebo ruwa, su ba da tayarsu in ta shugaba ta fashe. Mafi yawan ƙwararru a wannan hidimar suke gama rayuwarsu ta keke, wasu ba su taɓa cin tsere ko ɗaya ba.

Kwantiragi gajere ne, shekara ɗaya zuwa uku, sabon shiga doka ta ce a ba shi aƙalla biyu. Ƙungiya ba ta da filin wasa ko kuɗin tikiti, da kuɗin masu talla take rayuwa, ranar da suka janye ta mutu. Qhubeka ta Afirka ta Kudu, wadda ta kai 'yan Eritiriya Tour a 2015, haka ta rufe a ƙarshen 2021.

Rauni kuma ba ya sallama. A Giro d'Italia na 2022 Girmay ya doke Mathieu van der Poel a zango na 10 a Jesi, a kan dandamali murfin kwalbar murna ya fallo ya same shi a idon hagu, washegari bai tashi tsere ba. A 2023 ya faɗi a tseren Flanders ƙwaƙwalwarsa ta bugu, a Giro na 2024 faɗuwa ta fitar da shi a zango na 4. Karayar da ta fi yawa a sana'ar ita ce ta ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, saboda mai faɗuwa hannu yake miƙawa. Ga kuma dokar gwajin ƙwayoyi: dole ka sanar da inda za a same ka na awa ɗaya a kowace rana, a neme ka a rasa ko ka kasa cike bayanin sau uku cikin wata 12, hukuncin dakatarwa ya hau kanka ko da jininka tsaf yake.

Ɗan Afirka yana da ƙarin kaya, wato biza. Ta ziyara a yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kwana 90 ce cikin kowane 180, kakar tsere kuma daga Janairu ko Fabrairu take zuwa Oktoba. Wanda ƙungiyarsa ba ta nema masa takardar zama ko ta aiki ba, a tsakiyar kaka zai tattara ya koma gida, wani ya hau gurbinsa.

Yaran Kano da Maraɗi da ka ambata, hanyarsu ta hukumar keke ta ƙasa take bi, don ita ke ba da lasisin UCI, ita ke kai tawaga gasar Afirka, can ne kuma idon cibiyar Aigle ke kaiwa. Cikin tseren da ake yi a Afirka akwai Tour du Faso a Burkina Faso, wanda ake yi tun 1987, da Grand Prix Chantal Biya da zagayen Kamaru, sai Tour du Rwanda wanda ya fi su aji, inda ƙungiyoyin Turai ke zuwa. Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke a Olamfik na 2024, ke nan ƙofar ba a kulle take ba. Amma lokaci gajere ne: ƙungiyoyi yanzu 'yan 17 da 18 suke dubawa, wanda ya kai 23 ba shi da sakamako a tseren da UCI ta yi wa rajista da wuya a waiwaye shi. Yaro ɗan 14 ko 15 yana buƙatar fasfo da takardar haihuwa da shekarunsu suka yi daidai, hular kwano, keken da ya dace da tsayinsa ko da na hannu ne, da tseren ayari na mutum 30 zuwa sama aƙalla sau biyu a wata a titin da aka tsare daga motoci. Wannan na ƙarshen ne babu a garuruwanmu, kuma kulob-kulob na gari da hukumomin wasanni na jiha ne za su iya shirya shi.