Haɗa ƙaramin amfilifaya na faifai da hannu, da daidaita lodin kan allura

Mai buɗe zance, daga Jidda:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na buɗe wannan zance ne domin na lura muna da 'yan'uwa da dama a ƙasar nan da suka gaji faya-fayen garmaho daga iyayensu, wasu na karatun Alƙur'ani daga bakin ƙurra'an Masar, wasu na waƙoƙin gida da alhazai suka zo da su, alhali yawancin amfilifayoyin da ke kasuwa yanzu ba su da ƙofar da aka ware wa na'urar faifai. Duk wanda ya soka wayarsa a ƙofar talabijin zai ji sautin can ƙasa-ƙasa, siriri, babu kauri ko kaɗan. Dalili biyu ne ke kawo haka. Na farko, kan allura irin na MM, wato mai maganaɗisu mai motsi, abin da yake fitarwa bai wuce milibolt 3 zuwa 5 ba, don haka yana bukatar a ninka shi kusan sau 100, wato desibel 40. Na biyu, masu yanka faifai suna rage kaurin sauti su ƙara siririnsa bisa ƙa'idar RIAA da aka tsayar a 1954, kuma dole a sami abin da zai mayar da kowanne mazauninsa lokacin saurare.

Ni na haɗa nawa ƙaramin amfilifayar da ke yin waɗannan ayyuka biyu da aisi NE5532, wato ƙwayar lantarki mai ƙara ƙarfin sigina, kan allurata kuma AT-VM95E ne na Audio-Technica, a kan na'urar faifan da na saya a kasuwar Harajin Sawarikh. Zanen da na bi ya sa rasista mai kilo'om 47 a bakin shiga, tare da kafasita mai fikofarad 220, wayar da ke tsakanin na'urar da akwatin amfilifayar kuwa ta kai mita 2. Sauti ya fito da ƙarfi, sai dai a faifan karatu duk inda mai karatu ya zo kan sinun ko shinun ko sadun, harafin yakan fito da kaifi mai sukar kunne, har sifarsa ta canza. Takardar kan allurar ta ce a ba shi lodin fikofarad 100 zuwa 200 gaba ɗaya, wato jimlar kafasitar da ke gabansa. Da na cire kafasitar nan na gajarta wayar zuwa ƙasa da mita 1, kaifin ya tafi, haruffan suka zauna daidai. Ina roƙon duk wanda ya taɓa wannan aiki ya faɗi abin da ya gani da idonsa ya ji da kunnensa, domin na baya su amfana.

Mai gyaran rediyo, daga Makka:

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi albarka. Tun lokacin da amfilifaya ke zuwa da ƙofar faifai a jikinsa nake wannan sana'a, kuma abin da ya fi dawo da mutane shagona ba kaifin sauti ba ne, ƙugi ne. Wutar ƙasar nan tana kan haz 60, kuma akwatin RIAA aikinsa ke nan ya ɗaga irin wannan sauti mai kauri, yana ƙara masa wajen desibel 16 a kan abin da yake ƙara wa tsakiyar sauti, saboda haka ɗan ƙugin da ba za ka ji a rediyo ba, a nan sai ya cika ɗaki.

Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya sa taransifoma a akwatin da aisi yake. Ya fara da batir biyu masu bolt 9, ɗaya ya ba shi ɓangaren sama ɗaya na ƙasa, ya saurara. In ya ji shiru, to ya tabbata haɗinsa lafiya yake, duk ƙugin da ya zo daga baya ya san daga wuta ne. In zai koma wutar gida, ya haɗa taransifoma da aisin daidaita wuta 7815 da 7915 a wani akwati dabam, ya ajiye shi nesa, kamu ɗaya ko biyu daga na'urar. Akwatin sigina kuwa na ƙarfe ya kamata ya zama. Na sha yi wa mutane da gwangwanin alawa mai murfi, na kankare fentin inda zan ɗaure dunƙulen wayoyin ƙasa da kusa mai zare guda ɗaya, siririyar wayar nan da ke fitowa daga na'urar faifai ita ma a nan take ɗauruwa. Wuri ɗaya tak, ba biyu ba.

Akwai kuma abin da ya shafi tsofaffin gidajenmu na nan. Da yawa daga cikinsu suna da soket na bolt 127 da na 220 a ɗaki guda, wasu kuma babu wayar ƙasa a bango sam. Kowa ya auna soket ɗinsa da mita kafin ya sayi taransifoma, kuma kada ya haɗa layi da na'urar sanyaya ɗaki, domin duk sanda injinta ya tashi za ka ji ƙas a lasifika.

Injiniyan lantarki, daga Dammam:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, abin da ka faɗa kan batir shi ne hanya mafi sauƙi ta gano tushen ƙugi, ba ni da abin ƙarawa. Ina so in tsaya ne kan abin da Malam na Jidda ya ji, domin lissafi yana bayansa, kuma a ganina nan ne mafi yawan masu haɗawa suke zargin kan allura alhali ba laifinsa ba ne.

A cikin kan allura na MM akwai naɗin siririyar waya mai yawa, na AT-VM95E ƙarfinsa milihenri 550 ne. Idan irin wannan naɗi ya haɗu da kafasita, akwai wani mataki na sauti da sukan kumbura shi, daga nan kuma abin da ke sama ya faɗi da sauri. Abin da ake mantawa shi ne waya ma kafasita ce. Wayar sauti ta kasuwa takan ɗauki kimanin fikofarad 100 a kowace mita, siraran wayoyin da ke cikin hannun allura su ma suna da nasu kaɗan. Idan muka tara na Malam, 220 na cikin akwati da wajen 200 na waya da ɗan na hannu, ya kusa 450. A wannan adadi kumburin yana sauka wajen kilohaz 10, tsayinsa a lissafi ya kusa desibel 3, kuma a wannan yanki ne shuu ɗin sinun da shinun yake. Idan jimlar ta dawo 150, matakin yana hawa sama da kilohaz 17, kumburin kuma kusan ya ɓace, domin rasistar kilo'om 47 ta isa ta danne shi. Shi ya sa nake ganin zanen da ya zo da kafasita a bakin shiga bai kamata a bi shi ido rufe ba. A fara duba takardar kan allura: Ortofon 2M Red yana son fikofarad 150 zuwa 300, tsofaffin kawunan Shure kuma da yawansu sun fi son adadi mai yawa. A auna wayar da mita mai auna kafasita bayan an zare kan allura, sai a cike giɓin kawai. Ni a nawa na sa ɗan soket inda kafasitar take, ina canza fikofarad 47 da 100 da 150 ba tare da na kunna ƙarfen dalma ba.

Game da RIAA kuma, lambobinta uku ne, maikirosakan 3180 da 318 da 75, waɗanda suka yi daidai da haz 50 da 500 da 2122. Ni na zaɓi in sa ragar gyaran a tsakanin matakai biyu na aisi. Rasista mai kilo'om 21.87 a jere, bayanta reshe biyu zuwa ƙasa: ɗaya rasista mai kilo'om 3.18 tare da kafasita mai nanofarad 100, ɗayan kafasita mai nanofarad 34.3, wadda na samu ta hanyar haɗa 33 da wata ƙarama. Wanda yake son asalin lissafin ya nemi maƙalar Stanley Lipshitz ta 1979. Rasistoci su zama masu kuskuren kashi 1 cikin 100, kafasitoci kuma na folifurofilin ko C0G. Na taɓa gwada 'yan ƙananan kafasitoci irin X7R don in ji bambanci, kuma ko ɗan ƙwanƙwasa allon da farce na yi sai in ji shi a lasifika. Abin da ya fi daidaiton lamba muhimmanci shi ne hagu da dama su yi daidai da juna, don haka a sayi kafasitoci da yawa a auna a haɗa masu kama biyu-biyu.

Mazaunin Madina, haifaffen Mai Wurno:

Salamu alaikum, 'yan'uwa. Tawa matsalar ba a akwatin ta faru ba, amma duk wanda ya zo da na'ura daga Sudan ko Najeriya zai ci karo da ita. Na'urar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a Wad Madani ya saye ta, mai bel ce, injinta kuma yana bin bugun wutar gida. Wutar Sudan haz 50 ce. Da na kunna ta a nan, faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti sai ya riƙa juyawa sau 40, muryar dattijon mai karatu ta sirance, maddin da ake ja ya gajarce. Babu rasista ko kafasitar da za ta gyara wannan. Wani mai injin sassaƙa ƙarfe ne ya sassaƙa mini sabon ƙaramin gargaren da bel ke hawa, faɗinsa kashi 5 cikin 6 na tsohon, sannan gudun ya dawo daidai. Masu na'ura irin Technics SL-1200 MK2, wadda ƙwayar kwatiz ke riƙe gudunta, wannan bai shafe su ba.

Ina kuma jan hankalin masu tsofaffin faya-fayai masu nauyi, masu juyi 78. Yawancinsu an yanka su kafin a yi ittifaƙi kan RIAA, raminsu kuma ya fi faɗi, allurarsu dabam take. Kada a yanke wa akwati hukunci da irin wannan faifai.

Ma'aikaci a Riyad:

Yaya na Dammam, bayaninka ya wadatar a kan MM, sai dai kada mai karatu ya ɗauka haka abin yake a kowane kan allura. Ni Denon DL-103 nake amfani da shi, irin na MC, wanda naɗin wayar ne ke motsi a cikinsa. An fara yinsa a 1962 domin gidajen rediyon Japan, yana fitar da milibolt 0.3 kacal, naɗinsa kuma om 40 ne. Naɗin ƙarami ne ƙwarai, saboda haka fikofarad 100 ko 400 duk ɗaya ne a kunne. Abin da ake daidaitawa a nan rasista ce, ƙarin da ake bukata kuma ya kai desibel 60.

Na sa makunni mai zaɓar om 100 da 470 da 1000. Da farko na ji 470 ya fi 100 buɗewa da rai, kamar yadda ake yawan faɗa. Amma om 100 a gaban naɗi mai om 40 yana cinye kusan desibel 3 na ƙarfin sauti, 470 kuwa abin da yake ci bai kai desibel 1 ba. Da na daidaita ƙarfin biyun da mita kafin in saurara, bambancin ya ragu har ba zan iya rantsuwa a kansa ba. Na bar shi a 470, domin bin ƙa'idar cewa rasista ta ninka om ɗin naɗin sau 10 yana rage asarar sigina, kuma a wannan mataki kowane desibel da ka rasa huci ne zai maye gurbinsa.

Hucin ne ma ya sa daga baya na koma taransifomar ɗaga sigina mai ninki 1 zuwa 10 a gaban akwatin MM. Kilo'om 47 na akwatin, idan aka hango shi ta cikin wannan taransifoma, yana komawa om 470 daidai, ba sai an ƙara komai ba. Aisi TL072 bai dace da wannan aiki ba, hucinsa ya ninka na NE5532 fiye da sau 3. Na taɓa sayen aisi a intanet da araha mai ban mamaki, rubutun jikinsu ya goge da ɗan yatsa, hucinsu kuma ya tona asirinsu, don haka a sa soket mai ƙafa 8 a allo yadda canzawa ba za ta zama aiki ba.

Mai gyaran rediyo, daga Makka:

Madalla da wannan bayani, 'ya'yana. Abu ɗaya ya rage wanda zafin ƙasar nan ke jawowa. Faifan da aka bari a mota ko kusa da taga yakan lanƙwashe, kuma idan yana juyawa za ku ga takardar babbar lasifika tana shiga tana fita ba tare da an ji komai ba. Wannan motsi ne na ƙasa da haz 20, yana cin ƙarfin amfilifaya yana gajiyar da lasifika. Ni nakan sa kafasita mai maikirofarad 1 a bakin fita, wadda idan ta haɗu da amfilifaya mai kilo'om 10 a ƙofarsa takan fara rage abin da ke ƙasa da haz 16. In ƙofar amfilifayarka ta fi haka yawan om, sai ka rage kafasitar gwargwado. Malam na Jidda kuma, tunda iskarku da gishiri take, ka riƙa zare filogan nan huɗu na bayan kan allura lokaci-lokaci kana gogewa, domin tsatsa kaɗan a wurin ta isa ta kashe maka ɓangare ɗaya.