Kwamfutata na ta kawo shuɗin allo, a taimaka

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure, dan Allah a taimaka min. Kwamfutar tebur ɗina ce ta ishe ni wlh, kusan sati uku kenan ina cikin aiki sai kawai allo ya koma shuɗi da wannan fuskar ta ɓacin rai, ya ƙirga zuwa 100% ta mutu ta tashi da kanta. Wata rana sau ɗaya, wata rana har sau huɗu. Jiya ina tsakiyar haɗa bidiyo ta yi min, aikin awa biyu ya tafi ban adana ba. Na yi mata fomat har sau biyu na sake sa Windows 10 amma ko gezau.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Yaya ai bairos ne wannan, ka nemi antibairos mai ƙarfi kawai

Kawu: Kai auta, mutum ya ce ya goge komai har sau biyu, wane bairos ne zai zauna yana jiransa. Malam me aka rubuta a ƙasan allon? Akwai wani rubutu da manyan baƙi kusa da wannan lambar QR ɗin, shi ne bakin zaren.

Mai Tambaya: Kawu ba ta tsayawa in karanta sosai, amma na samu na ɗauka da waya sau uku. Na farko MEMORY_MANAGEMENT, na biyu IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, na jiya kuma SYSTEM_SERVICE_EXCEPTION

Mai Gyara: To madalla da ka ɗauka. Da farko ka hana ta tashi da kanta don ka riƙa ganin rubutun a nutse, danna maɓallin Windows da R ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, wajen Startup and Recovery ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Sannan abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne kullum saƙon daban yake zuwa. In direba ɗaya ce ta lalace, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na injin, yawanci saƙo iri ɗaya za ka yi ta gani, amma in yau wannan gobe wancan kuma an yi fomat bai hana ba, to ni hankalina ram yake tafiya, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, saboda ram mai matsala duk abin da aka ajiye a cikinta take ɓatawa, wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ake ɗora wa laifi. Dan Allah ka daina fomat ɗin nan haka, wahalar da kanka kawai kake.

Anti: Ni dai ƙanina ka buɗe akwatin ka duba ƙura kafin komai. Tawa ta taɓa yi min, da na kwance murfin na ga tsakanin fankar furosesa da ƙarfen da ke ƙarƙashinta ƙura ta daskare kamar an shimfiɗa bargo, iska ba ta wucewa ko kaɗan. Na sauke manhajar auna zafi HWMonitor na ga zafin yana haura digiri 90 da na buɗe abu mai nauyi. Na cire ta daga wuta na hure, na goge tsohon man nan mai ruwan toka da ke saman furosesa wanda ya bushe ƙamas, na ɗiga sabo. In za ka hure ka riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa.

Mai Gyara: Gaskiya ne Anti, ya duba, minti biyar ne. Sai dai zafi ya fi sa ta yi nauyi ko ta ɗauke ɗif ba sallama, bai cika kawo waɗannan saƙonnin ba.

Baban Yara: Ni akwatin wutar nake zargi, wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta. Ka shiga Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, in ka ga Kernel-Power 41 to shi ne

Mai Gyara: A'a Baba, a nan mutane da yawa suke ruɗewa. 41 ɗin nan ba ya faɗin dalili, cewa kawai yake ba a kashe ta yadda ya kamata ba, ko filogi ka fizge sai ya rubuta. Akwatin wuta yana iya jawo haka in ya tsufa ko in ya yi wa girafik kad kaɗan, amma shi alamarsa ita ce ta mutu lokacin da aka ɗora mata nauyi, sau da yawa ma ba shuɗin allo.

Kawu: Kar dai a cire direba daga lissafi gaba ɗaya fa. Kun manta 19 ga Yulin 2024 da sabuntawa guda ɗaya ta manhajar tsaro ta CrowdStrike ta kwantar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, filayen jirgi da bankuna duk shuɗin allo? Ba abin da ya lalace a jikinsu, fayil ɗaya ne. Malam ka leƙa C:\Windows\Minidump, duk faɗuwar da ta yi tana barin ɗan fayil a nan, ka buɗe da manhajar BlueScreenView ka gaya mana sunan da ya nuna.

Mai Tambaya: Na duba Kawu, guda biyar ne, huɗu ntoskrnl.exe ɗaya nvlddmkm.sys. Zafi kuma Anti bai wuce 68 ba

Kawu: ntoskrnl zuciyar Windows ce, kusan kullum ita ake gani saboda a hannunta abin yake fashewa, ba wai ita ta yi ba. Ɗayan kuma direbar girafik kad ce ta Nvidia. Da shi kaɗai yake maimaituwa da sai in ce ka shiga sef mod ka cire direbar da manhajar cire direba ta DDU ka sa sabuwa, amma ɗaya cikin biyar kam na fara komawa bayan mai gyara.

Mai Gyara: Tambaya ɗaya, kafin abin ya fara ka ƙara mata wani abu ko ka taɓa bayos, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi?

Mai Tambaya: Kai! Na ƙara ram wajen wata ɗaya da ya wuce, da 8GB ce na sa wata 8GB ɗin, ba kamfani ɗaya ba ne. Kuma na kunna XMP, wani saiti a bayos, saboda na ga ana cewa yana ƙara wa ram gudu. Wlh ban kawo shi a raina ba tunda ta yi kwanaki lafiya lau bayan nan

Mai Gyara: Ai ga shi nan. Sauke manhajar gwada ram MemTest86 ka sa a filash, ka tashe ta daga filash ɗin ka bar shi ya yi zagaye 4, ka sa da dare ka je ka kwanta don yana cin awoyi. Kuskure ko guda 1 ne matsala ce, babu wani wai kaɗan ne. Wanda ke cikin Windows, mdsched, yana nan amma sau da yawa yana cewa lafiya alhali ba lafiya ba. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, yau ka gwada yadda take, in ya kawo kuskure ka kashe XMP ka sake, in bai daina ba ka gwada ram ɗin ɗai-ɗai a rami ɗaya. In ka canza uku a tare ta warke ba za ka san wanne ba ne. Kafin ka sa hannu ciki ka zare wayar wuta daga bango ka taɓa ƙarfen akwatin.

Mai Tambaya: 'Yan zaure na dawo bayan kwana biyu. Daren farko ko zagaye ɗaya bai gama ba kuskure ya fara zubowa da ja. Na kashe XMP na sake, zagaye 4 cif babu ko ɗaya. Da na zaro su na karanta takardar jikinsu ashe gudun tsohuwar 2666 ne, na sabuwar 3200, wato ni na tilasta wa tsohuwar gudun da ba nata ba. Allah ya saka da alheri Kawu, Anti, mai gyara.

Ɗan Auta: To ni dai har yanzu ina ganin a sa antibairos ɗin 😂

Kawu: Defender, antibairos ɗin da ke cikin Windows, ya ishe shi auta. Abin da ya fi shi ne Windows 10 ɗin, Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoban 2025, ka duba ko injinka zai ɗauki 11.

Mai Tambaya: Zan duba Kawu. Mai gyara in bar su a 2666 ɗin ko in sayo wata 3200 in haɗa?

Mai Gyara: Bar su haka, bambancin ba zai dame ka ba sosai. Ka yi aikin bidiyonka da ita sati guda tukuna, in ba ta faɗi ba shikenan. Ran da za ka canza ka sayi biyu 'yan kwali ɗaya, kuma in ramuka huɗu ne a madabod ɗinka duba littafinsa, yawanci na 2 da na 4 ake sawa.